Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, to talaka ya samu bakin magana kenan?

Mushe na Damagaram:
Salamu alaikum 'yan uwa. Akwai maganar da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, ina so mu tattauna ta tsakani da Allah ba da zagi ba. Tun watan Maris na 2025 da aka fito da sabon kundin da Janar Tiani ya yi rantsuwa a kansa Hausa ta zama harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi kuma aka ce harsunan aiki ne. Ni malamin lakwal ne kuma wlh na yi murna, duk wanda ya taɓa tsayawa gaban yara 'yan shekara bakwai yana koya musu lissafi da harshen da ko uwarsu bata ji ya san me nake nufi. Amma fa a cikin wannan kundin ne aka ba shugaba shekara biyar wadda za a iya ƙarawa in an ga hali, kuma a ranar da ya yi rantsuwar aka rushe jam'iyyun siyasa kaf. Ni a ganina ƙasa bata gama samun 'yanci ba sai ranar da talaka zai tambayi mai mulki ina kuɗin kaza ya shiga kuma ya kwana a gidansa lafiya, ko da wane harshe ya yi tambayar. 'Yan Najeriya ku ma ku sa baki, kuna da jam'iyyu kuna da zaɓe amma ban ga alamar kun fi mu samun amsa ba.

Zancen Ƙasa Ne:
Wa alaikumus salam Mushe. Da girmamawa amma ka fara lissafi daga tsakiya. Wane bakin magana muke da shi a da? Tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit, jeka ka ga garin da idonka ka ga hanyar Tawa zuwa Agadas yadda ta koma, shekara hamsin da ɗoriya ana kwasa muna cikin ƙasashen da ake sawa a ƙarshen jerin talauci na duniya. Jam'iyyu fiye da ɗari muke da su, wacce a ciki ta taɓa cewa sojan Faransa ya tattara ya tafi? Cikin wata biyar da juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 sojan Faransa na ƙarshe ya bar ƙasar nan, a 2024 na Amurka suka bar sansanin Agadas, a Yunin 2025 Somaïr, kamfanin haƙar yuraniyom na Arlit, ya dawo hannun ƙasa. Wannan aikin 'yan farar hula sun yi shekara talatin basu ko kusance shi ba. A bar mutanen nan su gama share fili tukuna, siyasa bata gudu.

Lauya Bakano:
Ɗan uwa ban musa maka zancen Arlit ba, zalunci ne kuma an yi shi. Amma cewa sai da bindiga ake korar Faransa ba haka bane. Senegal fa? Maris 2024 suka zaɓi Diomaye Faye, mutumin da ya fito daga kurkuku kwana goma kafin zaɓe, ya ce baya son sansanin sojan waje, Yulin 2025 Faransa ta miƙa sansaninta na ƙarshe a Dakar. Babu wanda ya yi juyin mulki don a yi hakan, kuma in ya gaza 'yan Senegal sun san shekarar da zasu sauke shi. Ku wace shekara ce taku? Mu nan mun ji wannan magana ta a share fili tukuna tun 1966, Gowon ya ce zai miƙa a 1976 ya dawo ya ce ba zai yiwu ba, Babangida ya yi shekara takwas yana ɗage rana har ya soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, Abacha kuwa jam'iyyu biyar ɗin da ya yarda da su duk shi suka tsayar.

Direban Illela:
Ku masu boko kuna ta lissafin shekaru, ni bari in faɗi abin da na gani. Watan Agusta 2023 da CEDEAO, wato ECOWAS, ta rufe boda saboda juyin mulkin ina tsakanin Konni da Illela da lodin albasar Galmi. Damina ce ga zafi ga laima, tun muna buɗe tamfol muna juya buhunan sama har ta fara ruwa, ruwan yana ɗiga ta ƙasan bodi ƙuda ya rufe motar, mai kayan dattijo ne ya zo ya tsaya yana kallo ya kasa cewa komai sai ya zauna a kan dutse ya cire hula. Bashi ya ci ya yi lodin nan. Tinubu bai san shi ba Tiani bai san shi ba. Kuma tun kafin rufewar da bayan buɗewar abu guda ne bai canza ba, shingen masu kaki, wannan ɓangaren ka bada naira wancan ka bada sefa, ko takardunka sun cika ko basu cika ba. To ni dai da wane harshe aka karɓi kuɗina bai dame ni ba gsky.

Hajiya Mai Atamfa:
Allah ya saka maka Malam Direba, ka faɗi tamu. Ni a Katsina nake, yayata tana aure a Maraɗi, a lokacin nan mijinta na fama da ciwon suga, allurarsa sai a firiji, Najeriya ta yanke musu wuta alhali a lokacin yawancin wutar Nijar daga nan take zuwa. A cikin randa take ajiye maganin tana naɗe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Mu kuma in zamu kai mata saƙo sai dai a bi ta daji a kan babur ta bayan Jibiya a biya ninki uku. Sai Fabrairun 2024 aka ɗage takunkumin, boda kuma sai Maris. Don Allah wa aka hukunta a wata bakwai ɗin nan? Sojan da ya yi juyin mulki janareta gare shi. Shi ya sa duk mai zuwa min da zancen kare dimokuraɗiyya nake jin wani abu a raina, don na ga a kan wa aka kare ta.

Lauya Bakano:
Hajiya wannan gaskiya ne, takunkumin nan kuskure ne babba kuma shi ya tara wa sojojin jama'ar da basu da ita a makon farko. Amma ki tuna wa ya hana yaƙin. Wa'adin mako guda CEDEAO ta ba sojojin a Abuja ranar 30 ga Yuli su mayar da Bazoum, shugaban da suka hamɓarar, ko a yi amfani da ƙarfi, sanatocin arewa suka ce basu yarda ba, majalisar dattawa ta ce a bi ta sulhu, malamai suka yi ta huɗuba, Sarkin Musulmi da Abdulsalami suka je, Sanusi ya je ya ga Tiani, tawagar malamai ta Sheikh Bala Lau ta je. Jihohi bakwai ne ke iyaka da Nijar daga Kebbi har Borno, mutanensu suka ɗaga murya shugaban ƙasa ya ja baya. Wannan shi ne bakin maganar da Mushe ke nufi. Da soja ke mulki a Abuja ya ga dama ya tura runduna wa zai hana shi?

Baba Mai Ritaya:
'Ya'yana ku ba tsoho wuri. Na yi aikin gwamnati a Kano na kuma yi shekaru ina zuwa Damagaram wurin dangin mahaifiyata, don haka duka ɓangarorin nawa ne.

Yaro mai Zancen Ƙasa, abin da kake ji a jininka ba sabo bane kuma ban raina shi ba. A 1958 da de Gaulle ya kawo ƙuri'ar raba gardama, Djibo Bakary da jam'iyyarsa ta Sawaba suka ce a kaɗa a'a a karɓi 'yanci nan take kamar yadda Sekou Toure ya yi a Gine. Faransa ta sa ƙarfinta da na sarakuna aka kayar da shi, 1959 aka haramta Sawaba, 'ya'yanta da yawa nan Kano suka gudo 'yan NEPU suka ɓoye su a gidajensu, don ciwon guda ne, can Bafaranshe da sarakunan da ya naɗa, nan Bature da En'e. Na ji daɗi da aka cire sunan de Gaulle daga babban titin Yamai aka sa na Djibo Bakary a 2024, ya cancanta. Amma ka riƙe wannan, abin da aka yi wa Djibo shi ne an rushe jam'iyyarsa an bar ƙasa da baki ɗaya tal har 1974. Wanda ya girmama shi da suna ya kamata ya ji nauyin yin irin abin da aka yi masa.

Sannan Kountché. Ya zo a Afrilun 1974 ana tsakiyar fari da yunwa, ya raba hatsi, ya sa ma'aikaci ya zo ofis a kan lokaci, har yau tsofaffi na yi masa addu'a kuma ni ma na ga tsarin da idona. Amma na ga yadda mutum ke waiwayawa kafin ya yi magana a majalisar shayi. Ya rasu 1987, daga nan sai Baré 1996, aka harbe shi a filin jirgi 1999, Salou Djibo 2010, yanzu 2023. Sau biyar kenan. Kowannensu da ya zo an yi masa guɗa, kuma kowanne dalilinsa na gaskiya ne a ranar da ya faɗe shi. Abin da bamu taɓa ginawa ba, mu da ku, shi ne hanyar da za a ce wa mai mulki ya isa ba tare da an nemo wani mai bindiga ba.

Zancen Ƙasa Ne:
Baba na gode, Allah ya ƙara girma, ban isa in yi musu da kai a tarihi ba. Amma Baba ƙasar da ake yaƙi a cikinta fa? Inates Disamba 2019 soja 71, Chinagodrar Janairu 2020 soja 89, duk a lokacin farar hula kuma sojan Faransa da jiragensu suna nan zaune. Wa ya yi murabus? Wa aka ɗaure a kan badaƙalar kuɗin makamai ta ma'aikatar tsaro da aka bankaɗo a 2020? An yi ta surutu a rediyo da majalisa, bakin magana kam akwai shi, amma ba abin da ya biyo baya. Mu matasa abin da ya fusata mu kenan, a barka ka yi ta ihu don an san ihun ba zai taɓa kowa ba.

'Yar Dosso:
Sannunku. Ni Bazabarma ce, Hausata ta kasuwa ce da ta makwabta, ku yi haƙuri da ita. Tun ɗazu kuna magana kamar zancen harshen ya wuce kowa ya yarda sai na siyasa ya rage. Kakata a ƙauye bata jin Hausa ko kaɗan, in ta je gaban alƙali ko likita aka yi mata Hausa tana nan inda take lokacin Faransanci, sai an nemo tafinta. Haka Batubo a Bilma, haka Bagurmance a Makalondi, haka Buzu a Iferouane. Na san Hausawa sun fi rabin ƙasa, na san ko'ina ka shiga kasuwa da ita ake ciniki, ban ƙi ba. Amma a da harsunan nan duk sunansu harsunan ƙasa, yanzu guda ce ke da wannan suna saura an ce harsunan da ake magana da su. Mali da ta sake kundinta a 2023 harsuna 13 ta ɗaga gaba ɗaya duk da Bambara ta fi yawa. Me ya hana mu? Kuma wa aka tambaya? Taron da aka yi a Yamai a Fabrairu na 'yan kwanaki ne kuma waɗanda suka halarta zaɓo su aka yi, ba a kai kundin gaban jama'a an kaɗa ƙuri'a ba.

Mushe na Damagaram:
Ƙanwata kin taɓo inda nake tsoro. Mu a Damagaram an tashe mu da labarin cewa nan ne babban birni har 1926 Bafaranshe ya ɗauke ya kai Yamai, ya tuɓe sarkinmu a 1906, ya fi ɗaukar mutanen yamma a lakwal da soja, shi ya sa daga Diori zuwa Kountché zuwa Ali Saibou duk ɓangare guda ne har 1993 da Mahamane Ousmane ya ci. To wasu a nan da suka ji sanarwar harshe abin da suka ce shi ne yau tamu ta zo. Wlh na ji wannan kalma da kunnena kuma bata min daɗi ba. In dai ramuwa ce to mun ɗauki aikin da Bafaranshe ya fara mun ci gaba da yi masa kyauta. Kuma tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a nan Damagaram, daga baya aka faɗaɗa zuwa Zabarmanci da Fulatanci da Barbarci da Buzanci, mu malamai mun ga yaran nan sun fi saurin iya karatu. Wannan hanyar ce ya kamata a bi, kowane yaro ya fara da na gidansu.

Ɗan Zangon Kumasi:
Ina biye da ku daga Ghana. Zancen 'yar uwa ta Dosso ya sa zan yi magana, don mu nan mu ne a ɗaya gefen. Kakan babana ya zo Kumasi fataucin goro tun kafin a san za a yi wata ƙasa mai suna Ghana, amma ranar da na je yin katin ɗan ƙasa da aka ji sunana sai da aka tambaye ni asalin garinmu, na ce Kumasi, aka ce a'a na asali. Wanda ke bayana a layi ba a yi masa wannan tambaya ba. A 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi mako biyu su fita, mutanen zango da yawa da aka haifa a nan suka bi motoci zuwa ƙasashen da basu taɓa gani ba, 1983 kuma Shagari ya kori 'yan Ghana daga Najeriya. Kowace ƙasa a cikinmu in abinci ya yi ƙaranci sai ta fara tambayar wane ne ɗan ƙasa na gaskiya. Kodebuwa ta hana Ouattara takara da wannan tambaya har ta kai su ga yaƙi. Ku ma a Nijar lokacin zaɓen 2020 ai an kai Bazoum kotu cewa ba ɗan ƙasa bane, don Balarabe ne daga ƙaramar ƙabila. Ka ƙi shi don aikinsa wannan haƙƙinka ne, amma waccan maganar da aka yi ta yaɗawa irin wadda ake mana ce a nan.

Lauya Bakano:
Mu ma muna da namu. 1980 aka ɗauki Shugaba Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar Borno, aka kai shi iyaka aka ce ɗan Chadi ne, sai kotu ce ta dawo da shi. Har yau kuma takardar shaidar asali tana nan, a haife ka a Jos ko Shagamu a haifi ubanka a can, ranar neman aiki ko gurbin karatu a ce ka koma ƙaramar hukumar kakanka ka karɓo takarda.

Zancen harshe kuwa mu bamu da bakin yi wa Nijar dariya. Sashe na 55 na kundin 1999 ya ce majalisar tarayya zata yi aiki da Ingilishi, da Hausa da Ibo da Yarbanci idan an yi tanadi, fiye da shekara ashirin da biyar ba a yi tanadin ba. A 2022 aka ce yara su yi firamare da harshen gida, a ƙarshen 2025 aka soke. Na taɓa tsayawa a wata kotu kan rikicin gona, alƙali Bahaushe, ni Bahaushe, lauyan ɗaya ɓangaren Bahaushe, masu ƙara duka biyun manoma ne daga ƙauye guda, muna ta turanci a kansu. Dattijon da nake karewa yana bin bakin kowa da ido, in an yi dariya ya kalle ni ya ga ko da shi ake. Da aka ɗage zaman ya kama hannun rigata a waje ya ce Malam an bani ko an hana ni? Gonar da ya gada ce fa ake magana a kai. Don haka abin da Nijar ta rubuta a takarda ko bai fara aiki ba ya fi namu, wannan na yarda.

Zancen Ƙasa Ne:
To Barista tunda ka fara faɗin gaskiya ƙarasa mana. Ranar rantsuwar Tinubu aka cire muku tallafin mai da jimla guda ba a tambayi kowa ba, buhun shinkafa ya ninka, Agustan 2024 yara suka fito zanga-zangar yunwa a Kano da Kaduna har da ɗaga tutar Rasha, aka kwashe su aka kai Abuja, wata uku suna tsare, muka ga bidiyon ƙananan yara suna faɗuwa a gaban alƙali don yunwa ana tuhumarsu da cin amanar ƙasa. Maris 2025 aka dakatar da zaɓaɓɓen gwamnan Ribas da majalisarsa aka ɗora tsohon sojan ruwa wata shida. Kano sarki biyu a gari guda kowa da 'yan siyasarsa. Taken ƙasarku ma a 2024 cikin 'yan kwanaki majalisa ta mayar da ku kan wanda Baturiya ta rubuta. Zamfara da Sokoto manomi na biyan ɗan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa. Wannan dimokuraɗiyyar ce za ku kawo mana da tankar yaƙi?

Lauya Bakano:
Babu ɗaya da zan ƙaryata a ciki, wasu ma na fi ka jin zafinsu don yaran nan 'yan unguwanninmu ne. Amma ƙarasa labarin kai ma. Bidiyon ya fita ne saboda an bar 'yan jarida sun shiga kotun, ƙasa ta ɗauki zafi, cikin kwana uku shugaban ƙasa ya ce a sake su. Abin kunya ne amma ƙofar a buɗe take. Yanzu gaya min, Moussa Tchangari da aka ɗauke daga gidansa a Disamban 2024, mutumin da ya yi shekaru yana sukar zaman sojan waje tun kafin ku fara, wa ya isa ya fito titi a Yamai saboda shi? Bazoum ya haura shekara biyu a tsare shi da matarsa, in yana da laifi ai kotu aka yi domin haka. An rufe RFI da France 24 ka ce na Faransa ne, to BBC da aka dakatar wata uku saboda labarin hari fa, wadda kakanka ke ji da asuba? Kuma kashe-kashen basu tsaya ba, masallacin Fambita a Maris 2025 mutum 44 suna sallar Juma'a, gwamnati da kanta ta faɗi adadin.

Admin:
Jama'a a ci gaba amma a kiyaye harshe, na goge saƙo biyu na wasu da suka shigo da zagin ƙabila. Wanda ya sake zan cire shi.

Baba Mai Ritaya:
Madalla da admin. Ƙarin bayani kaɗan kan iyaka, don na ga matasa na yawan cewa Bature ne ya zo ya tsaga mu kamar da can tsintsiya ɗaya muke. Ya tsaga kam, tsakanin 1906 da 1908 suka bi suna kafa alamu. Amma Maraɗi ai sarakunan Katsina na Haɓe ne suka kafa ta bayan jihadi ya kore su, Tsibiri ta Gobirawa ce, sun yi kusan shekara ɗari suna gwabzawa da Sakkwato, Damagaram kuma ta kai wa Kano yaƙi a ƙarshen ƙarni na 19. Bature ya tarar da tsagin ne ya zuba masa siminti. Ina faɗin haka ne don kar mu ɗauka in an kori baƙo shi kenan sai zaman lafiya ya dawo da kansa. Kakanninmu ma sai da suka yi ta neman yadda za a zauna da wanda ba a yarda da shi ba, kuma mu ma aikin yana gabanmu.

Hajiya Mai Atamfa:
Baba Allah ya ja kwana. Ni tambayata ga ɗana mai Zancen Ƙasa, sefa fa? Kullum ina canji a bakin boda, kuɗin nan har yau a jingine yake da yuro, an fita CEDEAO a Janairun 2025 amma ba a fita sefa ba. Ban ce a fita ba fa, don ni da nake riƙe naira na san yadda ta narke a hannuna cikin shekara biyu har 'yan Maraɗi suka koma su ne masu zuwa sayen kaya da arha wurinmu. Ina so dai in ji ko an taɓa zama an yi wa mutane bayani da Hausar nan, ga amfanin zama ga hatsarin fita.

Zancen Ƙasa Ne:
Hajiya uwata, zancen kuɗi ana kansa, ba a gaggawa da shi, ƙasashen ƙawancen AES uku ne, mu da Mali da Burkina Faso, sai sun shirya tare. Bayani kuwa ai shugaban ƙasa da kansa yana zama a talabijin ya yi awa biyu yana magana da Hausa, ya sake da Zabarmanci, wane shugaba ya taɓa mana haka? Tsohuwata da bata taɓa sanin me ake cewa a labaran ƙarfe takwas ba yanzu ita ke bani labari. Kar ku raina wannan, ku da kuka saba jin shugabanni da harshenku baku san yadda yake ba a ce kai baƙo ne a gaban talabijin ɗin ƙasarku.

Mushe na Damagaram:
Ban raina ba ƙanina, tawa tsohuwar ma haka. Amma magana ce mai tafiya hanya guda, shi ya faɗa mu ji. A hirar Disamban 2024 ya zargi Najeriya da haɗa baki da Faransa, Nuhu Ribadu mai ba shugaban Najeriya shawara kan tsaro ya fito a sashen Hausa na BBC ya musanta, mu talakawa muna tsakiya, ba majalisar da zata ce kawo hujja mu gani.

Bari in sauko ƙasa inda nake aiki. Ajin zana, kowa a Nijar ya san shi. Afrilun 2021 wuta ta cinye yara 20 a Yamai, Nuwamba ta sake cinye fiye da 20 a Maraɗi, a lokacin zaɓaɓɓu ne, don haka ban wanke su ba ko kaɗan. Amma a lokacin in rufin aji ya yaye iyayen yara sun san gidan kansilan da suka zaɓa, su je su zauna masa a zaure da safe, ya ji kunya ko ya ji tsoron zaɓe mai zuwa ya nemo ko kwano goma ne. Afrilun 2024 aka rushe majalisun nan duka aka naɗo masu riƙo, da yawansu masu kaki. Wani a cikinsu yana da ƙoƙari fiye da wanda ya gada, na yarda, amma wanda ya naɗa shi yake kallo ba mu ba, kuma uban yaro ba zai je zauren mai kaki ya ɗaga murya ba.

Lauya Bakano:
Mushe kamar kana bada labarin kantomominmu. Gwamna ya rushe zaɓaɓɓu ya naɗa nasa ya riƙe kuɗin, sai Yulin 2024 kotun ƙoli ta ce a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye kuma kantoma haramun ne. Me gwamnoni suka yi? Suka shirya zaɓe jam'iyyarsu ta cinye kujeru duka.

'Yar Dosso:
To kun ga inda kuka haɗu. Ni abin da zan roƙa ƙarami ne kuma baya buƙatar a jira shekara biyar. Asusun nan na ceton ƙasa da aka buɗe a 2023, ana cire mana a kiran waya ana cirewa a kuɗin mota, mata sun bada har 'yan kunnensu. A riƙa karanta abin da ya fita dalla-dalla a rediyon kowace jaha, da Hausa a Maraɗi, da Zabarmanci a Dosso, da Barbarci a Diffa, da Buzanci a Agadas, a buɗe layi mutum ya kira ya ce rijiyar da kuka ce an haƙa a garinmu babu ita, kuma kar a zo ɗaukarsa da dare. Yayana mai Zancen Ƙasa, wannan ya saɓa wa juyin da kake karewa?

Zancen Ƙasa Ne:
Bai saɓa ba ƙanwata, zan sa hannu a kan wannan. Inda na tsaya shi ne ba zan yarda a dawo mana da mutanen da suka sayar da mu da sunan zaɓe ba. Na basu shekara biyar ɗin da suka nema. In suka nemi tazarce irin ta Tandja a 2009, mu da muka yi makonni muna kwana a shataletalen Escadrille, bakin sansanin sojan Faransa a Yamai, har Faransa ta kwashe sojanta bamu manta hanyar wurin ba.

Baba Mai Ritaya:
Allah ya sa a barku ku isa wurin, ɗana. Lokacin Tandja akwai kotun tsarin mulki da ta ce masa a'a har sai da ya rushe ta, akwai ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyu da suka cika titi. Ka fara lissafa tun yanzu su wa zasu tsaya tare da kai a ranar, ka turo mana sunayen ƙungiyoyin a nan mu gani.